Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Ɗan kawuna ya yi kwas ɗin kwamfuta a Kano, ya dawo Dutse da jakar goyo da farin tabarau, ya hana kowa kiransa da sunan yanka. Injiniya za a ce, har matarsa. Ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, amma Allah ya sani ban taɓa ganin mutum mai cika baki da ƙarancin sani irinsa ba.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna. A shekarar da Baba ya rasu na sayi sabuwar kwamfuta, don tsohuwar ta fara nishi. Abu ɗaya ne ya dame ni a cikinta: bidiyon da na ɗauka a Aujara ranar sunan 'yata, inda Baba ya zauna a zaure ya ba da labarin yadda suka sare dajin da ya zama gonarmu, ya rufe da addu'a. Babu muryarsa a ko'ina sai nan. Inna kuwa ta aiko min cewa idan ta fita takaba tana so ta ji shi.

Ina so in kwashe bidiyon zuwa sabuwar, amma babba ne, filashina ba zai ɗauke shi ba. Ina cikin tunani sai ga Injiniya ya faɗo shagona, babu wanda ya kira shi.

"Filashi? A wannan zamanin?" in ji shi. "Kawo wayar netwok in haɗa kwamfutocin biyu, kafin ka sha ruwa ya wuce."

Ya haɗa. Ƙananan hotuna suka wuce kamar wasa, yana ta kaɗa ƙafa. Da aka zo kan bidiyon Baba, abin ya taso da gudu, sai netwok ɗin ya yanke, komai ya tsaya cak. Ya sake, ya kuma yankewa. Nan fa aka shiga rabon laifi. Ya zagi 'yan Nepa, alhali wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya ce wayar jabu ce, muka sayo wata. Ya ce zafi ne, ya juya fanka ya ba kwamfuta, mu muna ta gumi. Har hure ramin wayar ya yi da baki, yawunsa na fallatsa.

Na nuna masa wani ɗan rubutu da ke fitowa a allon, mai ambaton direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa katin netwok ɗinta. Ya yi min kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci.

"Kai dai riƙe kyamararka, ƙanena. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Washegari ina da ɗaurin aure a Miga. Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka taɓa tsohuwar sai na dawo." Ya ce in tafi hankalina kwance. Da na dawo da la'asar na tarar da shi ya miƙe ƙafa yana cin gyaɗa, tsohuwar kwamfuta an wanke ta tas. Ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta, maganin da ya sani ke nan na kowace cuta.

"Ai bidiyon ya wuce," ya ce. "Ga sunansa can a sabuwar, ga girmansa."

Sunan ne ya wuce, da ɗan guntun farko. Sauran fanko ne. Bai ko buɗe ya duba ba, domin Injiniya ba ya duba aikinsa.

Na kai ƙara wurin Kawu, ya ce ƙaddara ce, kuma babba ba ya laifi a gaban ƙaninsa. Na yarda da ƙaddara, amma na tsani yadda sakarkaru ke fakewa a bayanta. Na haɗiye fushina.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo yana washe baki. Wai ya gano matsalar: direban sabuwar kwamfutar ne bai dace da katinta ba, shi ya sa take sakin netwok da zarar kaya sun yi nauyi. Ashe tsohuwar da ya wanke lafiyarta ƙalau. Ya sauya direban, ya tura wani dogon bidiyo don gwaji, ya wuce babu tangarɗa. Ya juyo yana jiran in gode masa.

Ranar da Inna ta fita takaba na je Aujara da guntun a wayata. Na gaya mata gaskiya, na kunna. Baba ya gyara zama a kan tabarma, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, bismillah." Hoton ya daskare, bakinsa a buɗe.

Inna ta daɗe tana kallo. Ba ta tambayi wanda ya yi ba.

"Haka Malam yake yi in zai fara magana," ta ce. "Sake kunna min."