Kawu, Wa Ka Gayyata Bana?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ranka, abokina da kowa ke kira Kawu, kana tsakiyar aiki. Kana saita fiyanon wata makarantar firamare ne. Malamar ajin da ke kusa ta ce tun safe take jin kana maimaita sauti ɗaya kamar yadda ka saba, sai ta ji duk maɓallan sun yi ƙara lokaci guda, daga nan shiru. Da ta leƙa ta same ka kife a kansu, makullin saiti yana maƙale inda ka bar shi.

Ina tsaye a bakin titi ina sauke kujerun bikin kiɗanmu daga mota 'yarka ta kira ni. Ta ce, "Baffa, Baba ya rasu." Na ce mata, "Wane Baban?" Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan. Ranar Litinin na bar ka lafiya ƙalau, kana cin gyaɗa kana yi mini dariya. Yau kwana shida da muka kai ka, har yanzu in na ji ƙarar babur irin naka sai na ɗaga kai.

Ka tafi saura kwana goma sha ɗaya a yi bikin kiɗan jaz na shekara ta ashirin da uku, kuma duk duniya babu wanda ya san wa ka gayyata sai kai. Ba ka taɓa rubuta sunan kowa ba. Shekara guda kake yi kana yawon gyaran fiyano gari-gari, duk inda ka ji wani yana busa ƙaho a bayan shago ko yana kaɗa jita a tashar mota, sai ka tsaya ka saurara, ka ce masa, "Asabar ta uku a Oktoba, ƙarfe biyu, ka zo da abinka." Shi ke nan takardar gayyatar. Na birkice shagonka kaf, daga aljihun tebur har cikin gwangwanayen ƙusa, ban samu ko guntuwar takarda ba.

Ka tuna yadda muka fara? Wata makaranta ce ta jefar da tsohon fiyano, ka kwaso shi a baro, ka yi wata huɗu kana sauya masa wayoyi. Da ya tashi ka ce ba zai yiwu a bar shi ba a ji muryarsa ba. Mu huɗu muka hau a tsakar gidan da ke bayan shagonka, kai a fiyano, ni a ganguna, da mai ƙaho da mai jita waɗanda duk sun riga ka tafiya. 'Yan kallo goma sha tara ne, rabinsu kuma sun shigo ne don su fake wa ruwan sama. Maƙwabciyarka, tsohuwar nan mai ɗinki, ta leƙo ta katanga ta tambaya ko wani abu ne ya lalace muke gyarawa. Ba ka ji haushi ba, ka ɗauki kujera ka kai mata. Shekara goma sha shida ta yi tana zama a sahun gaba, tana gaya wa baƙi cewa da ita aka kafa bikin.

A shekara ta huɗu tsakar gida ta yi mana kaɗan, wani mai katako ya ba mu aron sitonsa, kuma a can muke har yau, cikin ƙamshin garin zarto. Kai ka kafe cewa da rana za a riƙa yi, a tashi kafin faɗuwar rana, don masu yara da tsofaffi su samu zuwa. An yi mana dariya a kan haka, ka ce kunne ba ya buƙatar duhu. Shekarar da wani babban kamfani ya zo yana so ya zuba kuɗi ya mai da bikin zuwa filin wasa, ka ba wakilinsu shayi, ka saurare shi har ya gama, sannan ka tambaye shi ko a filin nasu na sahun ƙarshe zai ji numfashin mai busa. Bai dawo ba. Ni kuwa na yi sati biyu ba na gaishe ka, saboda haushin kuɗin da ka kora.

Abin da ya fi ba ni haushi a al'amarinka, shi ne kuma abin da ya sa mutane ke zuwa. Ba a yin gwaji a bikinmu. Ranar Asabar kana tsaye a bakin ƙofar sito, duk makaɗin da ya iso sai ka sa ya ɗan taɓa kayansa na minti ɗaya. In an taru sai ka miƙa yatsa: "Kai, da kai, da ke, ku hau." Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Ka taɓa haɗa wani farfesan kiɗa da mai facin taya, farfesa ya kumbura ya ce an raina shi. Da suka sauko shi ne ya riƙe hannun mai facin ya ƙi saki. Sau biyu ko uku abin ya watse a kan dandamali, ba zan ɓoye ba, amma ko a ranakun nan ba wanda ya tashi ya fita.

Alherinka kuwa ba ya ƙirguwa, kuma ka tsani a faɗa. Ka gyara kayan kiɗan mutane da yawa ka ce musu ai ba abin da ya same su, ƙura ce kawai. Shekara shida da suka wuce, da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa ni hannuna na dama ya soma rawa, kai ne kake zuwa kowace Alhamis ka zauna kana matsa mini yatsu ɗaya bayan ɗaya kana ba ni labaran ƙarya. Na rantse ba zan sake hawa dandamali a ga sandar kiɗa tana faɗuwa daga hannuna ba. Ba ka yi mini musu ba. Ka ce to in riƙa jera kujeru, kuma su nake jerawa tun daga lokacin.

Ranar Litinin ɗin nan ta ƙarshe faɗa na zo yi maka. Na ce ka rubuta sunayen mutane ko sau ɗaya a rayuwarka, har na ce, "In ka faɗi ka mutu fa?" Ka yi dariya ka miƙo mini gyaɗa. Kawu, ka yafe mini. Maganar tana ci na, ba na iya cin abinci in na tuna ta.

Mai katako ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe ya ce kwana huɗu yake buƙata ya kwashe kayansa daga sito, in ba shi amsa kafin Talata ko za a yi bikin bana. Na tambayi matarka, ta ce, "Kai ne abokinsa, abin da ka yanke shi ke nan." Na riga na yanke a raina cewa an gama. Wa zai tsaya a ƙofa? Wa ke da kunnenka?

Jiya Lahadi da la'asar muna zaune a ƙofar gidanka, sai ga wata mata ta sauko daga motar haya da doguwar jaka a kafaɗa. Ma'aikaciyar jinya ce, mai busa ƙahon saksafon, ta yi tafiyar awa bakwai da ta ji labari. Bayan ta yi gaisuwa ta tambaya, "Don Allah wane ne mai jera kujeru?" Aka nuna ni. Ta ce, "Baba, tun watan Mayu Kawu ya gaya mini da kai zan hau. Ya ce hannunka na rawa, in rage gudu, kuma kada in yarda ka ce a'a." Ban gama haɗiye wannan ba, da safen nan wani tsohon direba mai jita ya bugo wa 'yarka waya, shi ma ya ce an yi masa alkawarin mai saksafon da mai jera kujeru. Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa gaya wa kowa abokin hawansa kafin ranar ba, sai bana, saboda ka san ni, ka san in ka bari sai ranar zan sulale ta ƙofar baya.

Na aika wa mai katako ya fara kwashe kaya. Na sauko da sandunana daga saman kabad, na gwada a kan matashin kai, ta dama ta faɗi sau uku. Zan hau a haka. Zan kuma tsaya a ƙofa, ba don ina da kunnenka ba. Ban san mutum nawa ka gayyata ba, ban san fuskokinsu ba, kuma na san da yawansu ba su ji ba tukuna. Za su iso ranar Asabar da kayansu a kafaɗa suna murmushi, su ce ina Kawu, kuma ni ne zan gaya musu, ɗaya bayan ɗaya.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi, ka sa aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da 'yarsa, da jikokinsa biyu, da ƙannensa, da duk waɗanda ke kan hanya ba su sani ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.