Karsanar Yaya ta tsallake wuƙar masu tsire

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da wani abokina mai barci kamar an biya shi. Ibadan muka nufa, unguwar Sabo, inda yayata take aure.

Abin da ya ɗaga ni saniya ce. Shekarun baya na kai shanu kudu, wata ta haihu a cikin tirela. 'Yar maraƙar ta sauko a galabaice, kowa ya ce a yanka. Yaya ta ce sam, ta kuma hana ni sayar da uwar sai da 'yar ta sha dakashi, nonon farko, ta yi makonni tana tsotso. Daga nan ta ci gaba da kiwon 'yar a kangon bayan gida da dusa da ɓawon rogo. Mijinta, Alhaji, ya gindaya sharaɗi: in ta haihu babu nono, masu tsire za su ɗauke ta. To, ta haihu.

Hanyar Mokwa ta jijjiga mana hanji, amma soyayyar doyar Jebba ta biya mu. A Ojoo, bakin garin Ibadan, ɗan okada ya yi mini Yarbanci, na yi masa Hausa, muka rabu kowa na dariya. Abokina ya ga baƙin amala ya ce tuwon ya ƙone, daga baya ya nemi ƙari.

Washegari da safe muka taru a kangon. Wallahi, mai tsiren layin har ya leƙo yana gaishe mu da fara'ar da ban yarda da ita ba. Yaya ta saki ɗan maraƙin ya fara sha, sannan ta tsuguna da ƙwarya. Nono ya yi ta zuba, kumfa ta taso har baki.

"Alhaji, a kira masu tsiren ne?" in ji Yaya.

"Haba Hajiya, miƙo ludayi kawai," ya ce.

Na dawo gida da kwalbar man shanu, Inna ta shinshina ta yi ta sa wa Yaya albarka. Tafiyar ta nuna mini cewa nonon saniya tun tana maraƙa ake tara shi. Ko jakata ban kwance ba na wuce garke, na ce wa mai tatsa daga yau maraƙa su ƙoshi tukuna, abin da ya rage shi ne namu.