Farar Gonar Auduga

A tashar Faskari na ga wata mata tana tsaye riƙe da mushen kaza, idonta a kan hanyar Funtuwa. Zanenta sabuwar atamfa ce, irin wadda ta cika kasuwa tun da kuɗin fetur suka shigo, amma ƙafarta ba takalmi. Da alama a guje ta baro gida.

"Baiwar Allah, lafiya?" in ji wani dattijo.

"Baba, fara na sharo wa kajina a gonar auduga, ko tashi ba ta yi. Ashe an yi feshin maganin ƙwari."

"To, Allah ya mayar da alheri."

Ba ta ce amin ba. Tana ta girgiza goyonta, tana kiran "Barakatu!" kada ta yi barci. A gefen bakin yarinyar ina hango ƙafar fara maƙale.