Kawu Ilu da Ƙwaron da Ba Shi da Suna

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Danja ya san ba ya kashe ƙwaro sai ya ɗauke shi hoto. Har tsinken ashana yake ajiyewa a gefe don a ga girmansa. Tsohon malamin gona ne, aiki ya sallame shi, shi kuwa ya ƙi sallamar aikin.

Shekarar da wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta mai ruwan toka ya sauka a fadamar tumatirinsa, abin ya zame masa ciwo. Hoto ta sama, hoto ta ƙasa, har waya ta cika. Ranar sunan jikarsa, matarsa Gwaggo Hajara ta ce ya goge kaɗan a ɗauki jaririya.

"Ita ai an raɗa mata suna da safe," in ji shi. "Wannan fa?"

Kwana uku Gwaggo ba ta amsa masa sallama ba!

Ya hau mota har Funtua wurin mai maganin feshi. Mutumin ko kallon wayar bai yi ba. "Malam, ƙwaro ai ƙwaro ne. Ga kwalba."

"To, Allah ya haɗa ka da likita mai cewa ciwo ai ciwo ne."

Ya dawo ya rantse ba zai fesa wa abin da bai san sunansa ba. Muka yi ta sheƙa dariya a majalisa. Kuna wurin ai, kar wanda ya sunkuyar da kai yanzu.

Ni ya ɗora wa aikin tura hotunan ga masana, don wayata ta fi tasa. Na ce na tura. Wallahi ban tura ba, kunya nake ji a ce kawuna ne.

"Ɗan nan, sun amsa?"

"Tukuna, Kawu."

"Manya ne, aiki ya yi musu yawa."

Tsutsar ƙwaron ta cinye gonarsa ƙarƙaf, ta cinye ta masu feshin ma. Kawu bai ga wani rani ba. Bayan rasuwarsa ma'aikatan gona suka zo da takarda mai hoto, na Kawu ma ya fi nasu fitowa. Suka faɗi sunan ƙwaron, suka ce da an sanar da su da wuri, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Na haddace sunan tsaf, amma mai tambayata ba ya nan. Har yau abin na cina.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka. Ni kuma Allah ya yafe mini "tukuna" ɗin nan.