Ashanar da Na Saya wa Inna

Inna ce kusan ta ƙarshe a unguwarmu ta Tsohon Birnin Gwari. Tun da Turawa suka ja titin mota nesa da gari, mutane suka soma bin titin, yau gida ɗaya, gobe biyu, har daji ya haura ganuwa. Birai su sauko su karye masarar bayan ɗaki, su zauna suna kallon mai ita. Ni kuwa ina helman leburorin titi, sai in yi mako uku ban leƙo gida ba.

Inna ba ta tsoron biri, ba ta tsoron kura. Abu ɗaya take tsoro, ta kuma sha gaya mini: kada ajali ya same ta ita kaɗai, babu mai juya ta gabas, babu mai tuna mata kalmar shahada.

A sabon garin hukuma ta gina waɗansu ɗakuna a jere, na laka da jinka, kowanne da ɗan tsakar gida da danga, don marasa ƙarfin gini. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Tsofaffi ne suka cika wurin, shi ya sa ake ce da shi layin tsofaffi. Ga rijiya mai siminti a bakin ƙofa, ga kasuwa kusa, ɗaki ba ya yoyo. Da damina ta kayar da bangon ɗakin Inna, sai na ɗauko ta da tukwanenta, tana mita tun daga ƙofar gari har muka sauka.

“Ɗakuna kamar haƙoran mataji,” in ji ta. “Nan ka ga dama ka zubar da ni?”

A zamanin nan ba kowa ke da ashana ba. A kan rufe garwashi da toka a kwanta, wadda tata ta mutu da safe ta ɗauki kasko ta shiga maƙwabta. A tsohon gari Inna sai ta fita ɗebo wuta ta dawo bayan rana ta ɗaga, da garwashi uku da labarin unguwa kaf. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Amma na sha iskar bariki, kaina ya kumbura. Uwar helma guda ta riƙa yawo da kasko a ƙofar waɗanda ba ta sani ba? Na je kanti na sayo ashana ƙunshi guda. Ban ma ba ta a ɗaki ba, a bakin rijiya na miƙa mata, ina ɗaga murya don layi ya ji: “Inna, daga yau kin huta roƙon wuta.” Ta karɓa, ni kuwa na koma aiki ina jin na yi abin kai.

Da na dawo na tarar ta rame. Inna mai baki kamar reza, gaisuwa kawai ta amsa ta juya fuska. Na zaci kewar tsohon gari ce.

A bakin rijiya maƙwabciyarta ta tare ni, wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, gajeriya, hannuwanta duk yumɓu.

“Ɗan nan, uwarka sarauniya ne?”

“Iya, me ta yi miki?”

“Ba ta cin wutan kowa, kowa bai ci nata ba. Mu nan duka tsofaffi ne, 'ya'ya sun tafi. Da safe da kasko muke ƙirga kanmu. Wanda ba a gani ba, a je a duba ko ya kwana. Uwarka fa, in ta mutu yau, sai kai ka dawo za a sani.”

Raina ya ɓaci, don gaskiya ɗaci gare ta, balle daga bakin wanda ka raina. Na shiga gida fuuu na ce wa Inna to ta fita mana, wa ya ɗaure ta?

“Kai ka ɗaure ni,” in ji ta. “Duk layi ya ga abin da ka ba ni. In ɗauki kasko in ce wutata ta mutu, su ce tsohuwa da furfura tana ƙarya? In tafi hannu rabbana kuma in ce na zo me? Kai dai ba a raba ka da gwaninta.”

Kunya ta kama ni har ƙafa. Na fito na sami mai tukwane tana murza yumɓu, na durƙusa na ce, “Iya, na yi ɓarna, ban san gyaranta ba.”

Ba ta ko ɗago ba. “Je ka. Gobe wutana zai mutu.”

Washegari kuwa na ga hayaƙi na tashi ta kan dangarta, na ji ƙarar ruwa a kan garwashi. Can sai ga ta da kasko tana sallama, tana zagin itacen da ta ce ɗanye ne. Inna ta dube ta, ta dubi kaskon. Na rantse ta gane, hayaƙin bai gama bajewa ba. Amma ta tona murhu ta zaɓo mata garwashi masu kyau, ta ce, “Zauna mana, wutar guduwa za ta yi?” Mai tukwane ba ta tashi ba sai da garwashin ya zama toka, aka sake zuba mata wani.

Daga nan Inna ta dawo Inna. Bayan kwana biyu ita ma ta je ta rama ziyarar. Kafin kaka ta san ciwon gwiwar kowa a layin, ita ke raba faɗa, ita ke haddasa rabinsa. Ta koyi gaisuwar Gbagyi tana yi a karkace ana dariya. Da yamma su baje tabarmi gindin rijiya suna ɓarar gyaɗa, kowa na yabon garin da ya baro, ba kuma mai niyyar komawa. Na zauna a gidaje masu kwano da fenti bayan haka, amma ban sake ganin wuri mai daɗin wannan layin ba, har yau kewarsa nake.

Damina huɗu ta yi a can. Muna aikin gada a cikin daji saƙon rasuwarta ya iske ni, kafin in zo an kai ta. Tun daga hanya abu ɗaya ke cina, ban ko zauna karɓar gaisuwa ba na nufi mai tukwane.

“Iya, ita kaɗai ce?”

Ta harare ni da jajayen idanu. “Ban gan ta da safe ba, na shiga. Kanta a cinyana ya ke. Ni na juya ta gabas, muka yi kalma tare. Har faɗa ta yi mini, wai hannuna da sanyi.”

Na zauna a ƙasa cikin yumɓunta, ƙato da ni, na yi kuka har na gode Allah.