Malam Sanda Ila, Direban da Ya Ɓoye Rashin Barcinsa

"Barci fa, Malam Sanda?" in ji likitan ma'aikata.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Shekara goma sha shida yana ba da wannan amsa, alhali ba ya samun barci.

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sanda a Unguwar Dosa ta Kaduna a shekarar 1962, ɗa ga Malam Ila maƙeri da Malama Balki. Ya sauke Alƙur'ani, ya kuma kammala firamare a 1975.

Aiki da Aure

A 1982 ya kama aikin jirgin ƙasa yana shafa wa inji mai, ya auri Kaltume a 1988, sannan a 1990 ya zama direba, aikin da ya ƙaunata tamkar ransa.

Jarrabawa

A daminar 2001, a wata kwana gaba da garin Katabu, wani makiyayi ya faɗa layin dogo zai koro maraƙi. Malam Sanda ya yi oda, ya danne birki, amma ina, jirgi ba ya tsayawa nan take. Jirgin ya buge makiyayin, ya rasu. Al'adar direbobi kuwa ita ce a ba wanda abin ya faru da shi goro, a ce ƙaddara ce, gobe ya koma kan inji. Wanda ya faɗa wa likita ba ya barci, sauke shi za a yi, a riƙa cewa ya taɓu. Don haka da barci ya ƙaurace wa Malam Sanda, sai ya ɓoye. Duk sanda ya doshi wannan kwana sai makiyayin nan ya faɗo masa a rai, har ya yi ritaya a 2017 da hawan jini.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, aka yi masa sutura bayan la'asar a maƙabartar unguwarsu. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdurrahim, Khadijat, Hassan da Maryam.

Abdurrahim ya gaji aikin, kuma wata huɗu kafin nan shi ma jirginsa ya buge mutum. Ranar addu'ar uku, Malam Idi, tsohon abokin aikin marigayin, ya danƙa masa goro.

"Jibi ne gwajinka wurin likita, ɗana. Ka dai san amsar."

Abdurrahim ya dubi tabarmar mahaifinsa, ya ajiye goron a kai.

"Baba Idi, na ga abin da amsar nan ta yi masa. Jibi zan faɗa wa likita ba na barci, ko da za a sauke ni daga inji."