Abin da Na-Sama Ya Gani a Kan Rufinmu

Kafin masu shaguna su gama buɗe ƙofofinsu za ka ji kukan keken nan, wanda sarƙarsa ta manta rabonta da mai. Tsani ne ke fara leƙowa daga kwana, dogo, ɗaure a gefen keken, sannan mai shi ya biyo baya yana turawa, domin tsanin ya daɗe da hana shi hawa. Bokiti biyu na lilo a gaba, igiya a kafaɗa, buroshi uku a cikin tsohon buhu. Shekara talatin da huɗu haka unguwarmu ke wayar gari. Sunansa na yanka yana nan a takarda, amma har matarsa Na-Sama take ce masa, saboda duk wanda ya je nemansa gida amsa ɗaya yake samu: "Ai yana sama."

Sana'arsa wanke rufin gidaje. Na san wani zai karanta ya yi dariya, ya ce yanzu har rufi ma wanka ake yi masa? Ni ma na taɓa faɗin haka, lokacin da bakina ya fi hankalina sauri. Amma duk wanda ya zauna a ƙarƙashin kwano ya san yadda yake tsufa. Ganye ya zuba ya ruɓe, tattabaru su yi nasu, hayaƙi ya bi, gansakuka ta kama gefen da rana ba ta kaiwa. Kafin ka ankara gidan da ke ƙyalli ya koma baƙi ƙirin, indararo ya toshe, ruwa ya fara neman hanya ta cikin ɗaki.

Idan ya iso gida, ba ya gaggawa. Zai jingina tsani, ya girgiza shi sau biyu, ya cire takalmansa ya jera su a gindinsa kamar mai shiga masallaci. Ba ya hawa rufi da takalmi. Ya ce tafin ƙafa ya fi ido sanin kwano: inda ya yi laushi, inda ƙusa ta ɗago, inda katakon ƙasa ya fara ruɓewa. Kuma ba ya taka ko'ina sai kan layin ƙusoshi, inda katako ke riƙe da nauyi. Daga can ƙololuwa yake farawa, a durƙushe, gwiwoyinsa naɗe da tsumma, yana bin falle ɗaya bayan ɗaya da buroshi mai laushi da ruwan sabulu. Ruwan ma gangarawa yake yi da shi yadda ruwan sama ke gangarowa, don kada ya kutsa ta mahaɗar kwano. Abin da masu injin feshi na yanzu ke gamawa kafin azahar, shi sai ya kwana biyu a kai. In an yi masa ƙorafi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Da yamma idan ya sauko, sai ya jera abin da ya tsinto a kan katanga: ƙwallaye, takalmi wari ɗaya, cokali, murfin tukunyar da iska ta ɗauke tun bara. Kowa ya zo ya ɗauki nasa. Abu ɗaya ne bai taɓa saukowa da shi ba, shi ne labari. Wanda ke kan rufi yana ganin tsakar gida goma a lokaci guda. Yana ganin inda aka ɗora tukunya da inda ba a ɗora ba, yana jin faɗan da ake yi da murya ƙasa-ƙasa. Telan bakin layinmu, wanda Allah Ya hore wa kunne da baki, ya shekara ashirin yana zuba masa shayi don ya ɗan tsakuro masa wani abu.

"Haba Na-Sama, jiya fa wuni ka yi a kan gidan direba. Ba ka ga komai ba?"

"Na gani mana. Na ga tsatsa."

"Kai dai wallahi ba ka da daɗin hira."

"Tela, tsanin nan nawa ya tsufa. Ba ya ɗaukar mutum da gulma a lokaci ɗaya. Abin da na gani a sama, a sama nake barinsa."

Telan da kansa ya ba ni wannan labari, yana dariya yana cewa shayinsa ya tafi a banza. Mai gidan hayar bayan makaranta kuma ba da dariya yake tuna nasa ba. Ya taɓa kiran Na-Sama ya wanke masa rufi ya shafa fenti, don sababbin 'yan haya su ga gida fes. Na-Sama ya hau, ya taka nan ya taka can, ya sauko ya sa takalmansa. Ya ce katakon ɗakin tsakiya ya mutu, shi kuma ba ya yi wa gawa kwalliya a kwantar da yara a ƙarƙashinta. Mutumin ya yi fushi har ya daina amsa gaisuwarsa, amma daga baya ya canja katakon.

Kai ne, Na-Sama, mai gani ka ƙi faɗa, mai taka rufi ba ka ji masa ciwo ba. Amma ba don tela ko mai gidan haya na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda gidanmu, da kuma rana ɗaya tak da ka karya dokarka.

Mahaifinmu kafinta ne, kuma da hannunsa ya rufa gidan da muka tashi a ciki, ina jaririya a lokacin. Mu huɗu ne: Yaya Babba, mata biyu a tsakiya, sai ni auta. Bayan rasuwar Baba duk muka watse, aure da aiki suka raba mu, Inna ta rage ita kaɗai da jikarta da mangwaron da ke tsakar gida. Mangwaron nan ya yi ta zuba a kan rufi shekara da shekaru ba mai hawa, har kwanon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Wata damina ruwa ya ɗiga a ɗakin Inna, daidai ƙafar gadonta.

Yaya Babba mutum ne mai son uwarsa, amma irin son nan da ba ya tambaya. Ya zo da wani mai gini, suka tsaya a ƙasa suka ɗaga kai, mai ginin ya ce rufin ya gama yawo, a yaye shi gaba ɗaya. Yaya ya yanke cewa Inna ta koma gidansa "kafin a gama aiki". Ya riga ya gyara mata ɗaki, har da sabon labule.

Ba a nan gizo ke saƙa ba, kuma dukanmu mun sani. Shekara uku Yaya na neman hanyar da zai ɗauke Inna daga gidan. Idan ta fita, ba za ta dawo ba. Za a yaye rufi, sai a ce bango ma ya tsage, sai a ce ai gara a zuba 'yan haya. Inna ba ta iya musu da ɗan fari. Ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye, ta ce, "Auta, ni fa ƙarar ruwa a kan kwanon nan ita ke sa ni barci. Can gidan yayanku ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ka jin komai. Kamar an rufe ka a akwati." Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin kaina da ba ni da bakin faɗa a gaban Yaya. Abin da kawai na iya shi ne roƙon a bari Na-Sama ya hau ya duba tukuna. Yaya ya ce, "A wanke abin da za a zubar? To, ku yi, in dai hankalinku zai kwanta. Ranar Asabar mota za ta zo ɗaukar kayanta."

Ranar Laraba Na-Sama ya hau. Ya wuni yana tafiya a kan layin ƙusa, ya sauko ya ce wa Inna ƙusa uku ne suka ɗago, ganye kuma ya toshe indararo, shi ya sa ruwa ya koma baya. "Hajiya, rufin nan da ransa. Wanda ya buga shi ya san aikinsa." Inna ta ce, "Ka faɗa wa babban, ni na gaji." Aka faɗa wa Yaya a waya, ya ce mai wanki ba injiniya ba ne.

Na-Sama ya ci gaba da wankinsa. Ranar Juma'a da hantsi ina tsakar gida ina ninke zannuwan Inna cikin akwati, sai na ji buroshin ya tsaya. Shiru ya yi yawa har na ji tsoro ko jiri ne ya ɗebe shi. Can sai ya leƙo ta bakin rufi.

"Auta, kira min yayanku."

"Lafiya, Baba Na-Sama?"

"Lafiya lau. Ki ce ya zo da kansa. Gani ya kori ji."

Yaya ya iso cikin farar shadda mai guga, yana duba agogo. Na-Sama ya riƙe masa tsani ya ce ya hau. Yaya ya ce shi da tumbin nan? Na-Sama ya ce, "Alhaji, cire takalmi. Inda na taka, nan za ka taka." Ban taɓa ganin wani ya ba Yaya umarni ya bi ba sai ranar. Na bi bayansu.

A can ƙololuwa, ta gefen da mangwaro ya yi wa inuwa, akwai falle ɗaya da Na-Sama ya wanke rabinsa da tsumma kawai, ya ajiye buroshi gefe. A jikinsa akwai tafin hannu na jan fenti, irin wanda kafintoci ke ɗigawa a kan ƙusa don tsatsa. Ya koɗe, amma yana nan. Hannu uku ƙanana, kowanne ya fi na kusa da shi girma kaɗan. Gefensu wata 'yar ƙafa da ba ta kai tsawon yatsana ba. Sama da su duka, babban hannu guda, buɗe, ƙaramin yatsansa a gajarce.

Na-Sama ya ce, "Da yatsa na fara jin tudun fentin, shi ya sa na ajiye buroshi. Da inji ne, da ya tafi da dattin gaba ɗaya."

Yaya ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen kwano da farar shaddarsa. Ya ɗora hannunsa a kan mafi girma cikin ƙananan, hannun nasa ya rufe shi ruf. Sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Ranar nan Baba ya zane ni. Ni na buɗe gwangwanin fentin." Ni kuwa ina kallon 'yar ƙafar nan ina kuka, don ban taɓa sanin Baba ya ɗauke ni ya tsoma ƙafata a fenti ba.

Inna ba ta iya hawa tsani, sai Yaya ya ɗauki hoto a waya ya sauko mata da shi. Ta sa tabarau, ta kawo wayar kusa da fuska. Ta tuna ranar sarai: yadda ta wuni tana goge hannuwanmu da kananzir tana faɗa, yadda Baba ya ce mata ya jefar da fallen da muka ɓata. "Ashe ƙarya ya yi min," in ji ta, tana murmushi hawaye na zuba. Ta sa yatsa a kan babban hannun. "Ga yatsan da zarto ya cinye masa."

Motar Asabar ba ta zo ba. Yaya ne ya zo, da ƙusoshi a leda, ya riƙe wa Na-Sama tsani da kansa. Labulen nan sabo ma gidan Inna aka kawo shi.

Yau shekara tara ke nan. A watan jiya likita ya ce gwiwoyin Na-Sama sun gama hawa, 'yarsa kuma ta san halin ubanta, sai ta sa sarƙa da kwaɗo ta ɗaure tsanin a jikin bishiya, ta tafi da makullin zuwa gidan mijinta. Unguwa ta yi shiru da safe. Masu inji sun karɓi aikin, kuma ba na zarginsu, kowa da zamaninsa. Amma kafin ya zauna, Na-Sama ya tako da sanda har gidanmu tare da ɗaya daga cikinsu, ya nuna masa ƙololuwa ya ce, "Duk rufin naka ne, ka fesa yadda ka ga dama. Fallen can kuwa, da tsumma, a durƙushe."

Ga masu sana'a, manya da ƙanana, ba sai na ja magana ba. Ku taɓa aikinku da hannu kafin ku yanke masa hukunci. Ku san abin da ya kamata a bari a sama, ku kuma san ranar da ya kamata a sauko da shi. Mu kuma da ake yi wa aiki, mu riƙa ɗaga kai muna gaida wanda ke kan rufi tun yana iya jin gaisuwar.

Na-Sama, mun gode. Kai ne ka durƙusa shekara talatin da huɗu don wasu su kwana a bushe. Allah Ya huta da gajiyarka, Ya sanyaya gwiwoyin nan, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa na unguwa guda.

Inna ma ta ba ni saƙo. Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko, sai ga wayarta. Ba ta ko yi sallama ba, ta ce, "Auta, saurara." Ta ɗaga wayar sama, na ji ruwa na dukan kwanon Baba, yana sauka a kan hannuwanmu. Da ta mayar da wayar kunnenta sai ta ce, "Ki gaya wa Na-Sama ina nan a ɗakina, kuma ko ɗigo babu."